Mabiyan da aka saya ba sa sayen komai

Ƙannena teloli, masu zane, masu ɗaukar hoto da mawaƙa na Yamai, na san abin da ke ci muku tuwo a ƙwarya. Mun taso ana ce mana yabon kai jahilci ne, sai ga zamani ya zo da sana'ar da in ba ka fito da ita fili ba, babu mai sanin kana yi. To ka bar yabon, ka nuna hannunka yana aiki a bidiyo, ka ɗora a intanet. Almakashi yana ratsa shadda, zare yana bin allura, wannan ba fariya ba ce.

Ka tsayar da waya a tsaye, haske a gabanka, ba a bayanka ba. Daƙiƙa 3 na farko su ne kasuwar. In ka ɓata su wajen doguwar gaisuwa, yatsa ya wuce. Fara da rigar da aka gama, sannan ka koma yadda aka yi ta. Murya kuwa ta fi hoto saurin korar mai kallo, don haka kada ka ɗauka a bakin titi inda kabu-kabu ke wucewa. Waƙar wani da ka ɗora ba izini tana iya sa a kashe sautin bidiyon gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne sayen mabiya. Don Allah ku daina. TikTok da Facebook suna lura da yadda mutanen farko suka karɓi abin da ka ɗora kafin su kai shi gaba. Mabiyan bogi ba sa kallo, ba sa magana, sai na'ura ta ɗauka aikinka bai yi armashi ba, ta binne shi. Ka biya kuɗinka an rufe maka ƙofa ke nan. Haka abokan fada da ke danna alamar so don kara, ba tare da sun kalla har ƙarshe ba.

Kada kuma ka jingina cefanenka da kuɗin YouTube. Sharaɗinsu na rabon kuɗin talla mabiya 1,000 ne da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, tafiya ce mai nisa. Jikar da za ta fara shiga aljihunka daga mai shago a kasuwar Katako ko ta Wadata za ta fito, ko uwar amarya a unguwar Bukoki. Saboda haka lambarka ta WhatsApp ta fito a kowane bidiyo. Duk wanda ya yi maka magana, roƙe shi ya ajiye lambar, domin jerin da WhatsApp ke ba ka na aika saƙo ɗaya ga jama'a a lokaci guda mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarka ba saƙon ba zai kai gare shi ba.

Ranar da akwai wuta da isasshen mega, ɗauki bidiyo 3 ko 4 ka ajiye, ka riƙa saki ɗaya-ɗaya. In mai tambaya ya rubuto da Zabarmanci, nemi wanda zai taya ka amsa masa da Zabarmanci, kuma kada saƙon ya kwana.