Wa ya ɗora alƙalin da ke sauraron shari'ar Goggo?

Ranar Talata na raka goggona kotu, karo na bakwai ke nan kan gonar da kakanmu ya bari. Tun ƙarfe takwas muka isa, muka zauna kan benci a baranda, ita da takardun gadonta a cikin leda ta ƙulle a gefen mayafi. Wajen sha ɗaya rajistara ya leƙo ya ce Malam ba zai samu zama ba yau, an ɗage sai bayan Sallah. Goggo ba ta ce uffan ba sai da muka hau a-daidaita. Nan ta juyo ta ce, "Ɗan nan, shi wannan alƙalin wa ya ɗora shi?" Na ce gwamnati. Ta ce, "Wace gwamnatin? Ta Abuja ko ta nan?"

Tambayar nan ta hana ni sukuni, domin mu 'yan boko mun ƙware wajen musun Kotun Ƙoli. Idan ana shari'ar zaɓen gwamna, kowa a Facebook ya zama lauya. Amma kotun da talaka ya sani ita ce majistare da kotun shari'ar Musulunci ta unguwa. Can ake raba gado, ake warware aure, ake rigimar iyakar gona da bashin ɗan kasuwa, can ake tura yaro gidan yari kafin a fara sauraron ƙararsa. Kuma ba mu cika tambayar yadda ake samo masu zama kan waɗannan kujeru ba.

Bari in fara daga sama. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowace jiha Babbar Kotu, ya kuma ba jihar da take so damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, wadda Girand Kadi ke shugabanta. Wanda zai zama joji a Babbar Kotu sai ya yi aƙalla shekara 10 da zama lauya. Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha ce ke tace sunaye ta aika Abuja, zuwa ga Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, wadda Alƙalin Alƙalan Nijeriya ke jagoranta. NJC ta zaɓa ta miƙa wa gwamna, gwamna ya naɗa ya rantsar. In Babban Jojin jiha ne ko Girand Kadi, sai majalisar dokokin jiha ta amince. Wannan tsani yana da matakai, kuma duk da haka gwamnoni sun sha gwada tsallake shi. A jihar Ribas, zamanin Rotimi Amaechi, NJC ta ba da sunan Mai Shari'a Daisy Okocha don kujerar Babban Jojin jiha, gwamna ya ce shi Peter Agumagu yake so, rigimar ta kai kotunan jihar suka zauna a kulle wata da watanni. A Kwara an cire Babbar Joji Raliat Elelu-Habeeb, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2012 cewa gwamna da majalisarsa ba su da ikon tsige Babban Joji ba tare da NJC ta bincika ba. To ka ga a sama akwai mai cewa gwamna tsaya.

A ƙasa fa? Majistare da alƙalin kotun shari'a sunansu ba ya zuwa Abuja. Hukumar jiha ce ke ɗaukarsu, ita ke ƙara musu girma, ita ke hukunta su ko ta sallame su. Ku ƙirga 'yan hukumar tare da ni, a jiha irin tamu ta Arewa mai Girand Kadi. Babban Joji shi ne shugaba. Sai Kwamishinan Shari'a, sai Girand Kadi, sai lauyoyi biyu da suka shekara 10 a aiki, sai wasu mutum biyu da ba lauyoyi ba, waɗanda a ganin gwamna masu gaskiya ne. Mutum bakwai. Kwamishina yaron gwamna ne, shi ya ɗauko shi. Sauran huɗun nan ma gwamna ne ke naɗa su, majalisa ta sa hannu, kuma kowa ya san yadda majalisun jihohinmu suke da gwamnoni. Biyar cikin bakwai ke nan. Ba na cewa duk wanda gwamna ya naɗa ba shi da tsoron Allah, na san masu mutunci a cikinsu. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma tsarin da ya dogara kan a yi sa'a a samu mutumin kirki bai isa a jingina masa gonar Goggo ba.

Ga kuma kuɗi. A 2021 ma'aikatan kotuna na ƙungiyar JUSUN sun kulle kotunan ƙasar nan tun daga watan Afrilu, sama da wata biyu, kan a sakar wa ɓangaren shari'a na jihohi kuɗinsa kai tsaye. Shugaba Buhari ya taɓa ba da umarni kan haka a 2020, gwamnoni suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a 2022. Babban Jojin da zai je gidan gwamnati neman kuɗin gyaran rufin kotu da man janareto, da wane ido zai kalli mai gidan ranar da aka kawo ƙararsa?

Wasu abokaina na cewa a yi irin na Amurka, jama'a su zaɓi alƙalai da ƙuri'a. Gaskiya ne jihohi da yawa a can haka suke yi. Amma a 2025 an kashe kusan dala miliyan 100 kan kujera ɗaya tak ta kotun ƙolin jihar Wiskonsin, har da kuɗin attajiri Elon Musk. Ku kawo wannan nan, ku hango alƙali yana rabon atamfa da taliya a akwati, sannan gobe wanda ya saya masa fosta ya tsaya gabansa ana tuhumarsa da cinye filin marayu. Ni dai ba na goyon baya.

Abin da nake so ya fi wannan sauƙi. A da can, kafin a karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, gari ya san alƙalinsa. An san wurin wane malami ya yi Risala da Muhtasar, an san ko ya fito daga makarantar Shahuci a Kano, an san gidansu da halinsa. Tsarin yana da nasa zaluncin, don sarki na iya tanƙwara alƙali, dattawa sun ba mu labari. Amma sanin nan da jama'a ke yi wa mutum kafin ya hau kujera abu ne mai amfani, kuma shi muka rasa. Yau sai dai ka ji an rantsar da sababbin alƙalai, ka ga hoto, ka fara gane 'ya'yan wane da surukan wane.

A 2025, ƙarƙashin Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun, NJC ta fara wallafa sunayen waɗanda ake son naɗawa manyan kotuna, don duk mai ƙorafi ya rubuto kafin a yanke. Me zai hana hukumomin jihohi su yi haka ga majistare da alƙalan shari'a? A sanar da gurbi a rediyo da Hausa. A yi jarrabawa a liƙa sakamakon. A karanto sunayen waɗanda suka tsallake, a ba jama'a wata guda. Mutanen unguwa sun san wanda ya taɓa cin amanar dukiyar maraya, sun san wanda ba ya iya raba gadon mace biyu da 'ya'ya tara ba tare da ya ruɗe ba. Kuma a faɗa wa talaka ƙofar da zai ƙwanƙwasa in alƙali ya riƙa ɗage masa shari'a ba dalili, don hukumar nan tana karɓar koke, amma Goggo ba ta taɓa jin sunanta ba.

Na yi mata wannan bayani duka a tsakar gida, tana tsince shinkafa. Da na gama ta ce, "To rubuta musu, ka sa sunana." Na zauna na rubuta, ta dangwala yatsa. Ranar Litinin zan kai takardar, kafin damina ta sauka a kan gonar da har yanzu ba a san mai shuka ta ba.