Yankari a watan Agusta? A dakata tukuna

Na karanta wani labari kan ziyarar gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi, na kuma ji daɗinsa, amma inda marubucin ya ce kowane lokaci na shekara aka je Yankari za a ga namun daji, nan ban yarda ba. Da damina ciyawa ta fi mota tsawo, ruwa kuma ko'ina akwai, dabba ba ta da dalilin fitowa fili. Sai rani ya tsananta, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sannan giwaye da ɓauna da gwanki ke gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Shi ma sai an yi sammako, ko a bari sai bayan la'asar. Da tsakar rana zafi kawai za ka sha.

Batun zaki kuwa, kada a ɗora wa yara rai. 'Yan kaɗan ne suka rage, ganinsu sai mai rabo. Wanda ba ka rasa shi shi ne gwaggon biri, har cikin sansanin Wikki, masaukin baƙi, yake yawo, kuma bai san kunya ba. Leda a hannu, ko taga a buɗe, to abincinka ya zama nasa.

Wani abin lura kuma: a 1991 aka mai da wurin gandun dajin tarayya, amma tun 2006 ya koma hannun gwamnatin Bauchi.

Ni dai ko ban ga giwa ba, wanka a ruwan ɗumin Wikki ya biya ni kuɗin mai. Ruwan garau, har yashin ƙasa kana gani.