Sun canza mana rauta, sun makantar da gidan Hajiya

Yau kwana goma sha ɗaya rabona da in ga tsakar gidan mahaifiyata a wayata. Ina Abuja, tana Kano, tsakaninmu fiye da kilomita 400, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san ba ta "bari in leƙa in dawo" ba ce. Dalilin da ya sa ke nan shekara biyu baya na zuba kuɗina a gidan: kyamara huɗu da akwatin DVR mai naɗar hotonsu, wata ƙaramar kyamara mai juyawa a falo, makunni mai Wi-Fi na injin da ke tura ruwa tanki, da ɗan abin nan da ake maƙala wa inbata yana faɗa maka cajin batir. Ba gayu ba ne. Hajiya ta manyanta, ƙafa ta matsa mata. Kullum bayan asuba in na buɗe waya na gan ta kan kujerarta tana jan carbi, sai hankalina ya kwanta in kama hanyar ofis.

Ana nan sai kamfanin da muke sayen intanet a wurinsu suka turo saƙo, wai za su sabunta mana rauta, wato akwatin da ke raba Wi-Fi a gida, kyauta. Kyauta fa! Yara biyu suka zo da rana tsaka, suka zare tsohuwar suka jona sabuwa, suka nuna wa autanmu sunan Wi-Fi da faswod ɗin da ke manne a gindinta. Da suka ga bidiyo ya buɗe a wayarsa suka ce an gama, suka saɓi tsohuwar suka yi gaba. Babu wanda ya ɗaga kai ya ga kyamarar da ke kallonsa a bakin ƙofa, balle ya tambaya me da me ke jone da abin da ya cire. Kafin la'asar duk abin da na buɗe a wayata ya koma toka-toka, ko ɗaya ba ya kan layi.

Na kira su. Bayan kiɗan jira ya cinye mini kati, wata baiwar Allah ta ɗauka.

"Yallaɓai, ka kashe rautar ka kunna."

"Na kashe na kunna sau uku."

"Intanet yana zuwa?"

"Yana zuwa. Kyamarorina ne ba sa zuwa."

"To Yallaɓai, daga ɓangarenmu komai lafiya lau. Kyamara ba kayanmu ba ce."

Ba kayanku ba ce, amma jiya tana aiki, yau kun shigo kun fita ta mutu. Wa zan kama, mai gadi?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da na zauna na bi maganar da kaina, sai na gane rabin wahalar nan aikin minti biyu ne. Waɗannan na'urori ba su san wata rauta ba, sunan Wi-Fi da faswod kawai suka haddace. Da yaran nan sun sa wa sabuwar sunan tsohuwar da faswod ɗinta, harafi da harafi, da ƙananan na'urorin sun koma da kansu ba wanda ya taɓa su. Na ce to bari in sa auta ya gyara. Ya buga adireshin shiga rautar, ta nemi faswod na mai kula, wanda ke jikin takarda bai buɗe ba. Na sake kira, aka ce ai wannan shafin injiniyansu kaɗai ke shiga. Abu a ɗakin uwata, yana shan wutar solata, ina biyan kuɗinsa duk wata, amma makullinsa yana aljihun wani!

Muka koma haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Nan ma ana kukan targaɗe sai ga karaya. Yawancin irin waɗannan ƙananan na'urori zangon Wi-Fi na 2.4 GHz kaɗai suke ji, ba su san na 5 GHz ba, kuma da dalili: na 2.4 ya fi nisa, ya fi ratsa bangon bulo. Sabuwar rautar kuwa ta cakuɗa zangon biyu ƙarƙashin suna ɗaya, ita ke zaɓa maka. Wayar auta ta haye na 5, makunnin famfo yana can ƙasa yana jira, manhaja ta yi ta ƙirga kashi 30, kashi 60, sai ta tsaya ta ce a sake gwadawa. Kuma wannan haɗin ba a yin sa daga nesa, dole mai waya ya tsaya kusa da na'urar. Na'urar da na saya don in sarrafa ta daga Abuja, ashe ranar da ta yi fushi sai an je gabanta an durƙusa.

Ranar Asabar awa biyu muka kwashe a kiran bidiyo. Yaron nan yana kan kujerar roba ya ɗora wata a kai, tsinken sakace a hannu yana laluben ramin da ake dannawa a bayan kyamarar falo. Ina cewa riƙe, kar ka saki sai fitila ta fara ƙiftawa, yana cewa "Yaya, ja take ko shuɗiya? Ni fa ban ga komai ba." Tsinke ya karye a ciki. Hajiya daga gefe tana ta salati: "Kai, sauko min da yaro kafin ya karye. Da can da babu wannan abin mutuwa muka yi?" Ban da amsa. Sai da auta ya fita har bakin get, inda zangon 5 ya gaza wayarsa ta faɗo na 2.4 da kanta, sannan makunnin famfo ya yarda ya haɗu. Dabarar da na tsinta ke nan bayan dare biyu ina karatu kamar mai shirin jarrabawa, alhali ni ba sana'ata ba ce.

DVR ɗin kuwa har yau. Da farko adireshinsa ne: wanda ya haɗa shi ya kafe masa lamba mai farawa da 192.168.1, sabuwar rauta tana raba 192.168.0, ya zama yana gida ɗaya da ita amma ba sa jin yaren juna. Muka aro linzamin kwamfuta a maƙota, aka jona shi da talabijin, aka gyara. A cikin gida hoto ya dawo. Daga waje, shiru.

Ashe ga inda gizo ke saƙar. Tsohon layin yana da adireshin da ake iya ƙwanƙwasawa daga ko'ina a duniya, shi ya sa aka buɗe wa DVR ƙofa a rauta nake shigowa kai tsaye. A sabon tsarin sun tura mu bayan adireshi ɗaya da tarin wasu kwastomomi, abin da ake kira CGNAT. Alamarsa, adireshin da rautarka ta samu daga kamfani yakan fara da lamba tsakanin 100.64 zuwa 100.127, kuma ba zai yi daidai da wanda shafukan intanet ke ganinka da shi ba. Kamar gidan haya ne mai ɗaki ɗari da ƙofa ɗaya: kai za ka fita ka dawo, amma baƙon da ya zo nemanka ba mai nuna masa ɗakinka. Na san uzurinsu. Adireshin IPv4, wato lambobin da ake gane na'urori da su a intanet, kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma tun Fabrairun 2011 babban rumbun duniya ya raba na ƙarshe. Na ji, na yarda. To me ya hana a faɗa mini kafin a cire? Layi ɗaya a cikin saƙon nan na "kyauta" ya isa.

Da na faɗa musu sunan matsalar da bakina, sai murya ta canza. "Ranka ya daɗe, ai akwai tsarin adireshi na musamman, amma na 'yan kasuwa ne, ana biya daban duk wata." Wato abin da nake da shi jiya, an ɗauke, yau za a sayar mini. Wannan kuma bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da aka amince a yi wa kuɗin kira da data a Janairun 2025, wanda har yanzu jikinmu bai gama faɗa mana ba.

Akwai wata hanya, ta manhajar kamfanin da ya ƙera DVR, wadda ba ta buƙatar a buɗe ƙofa. Muka ɗauki hoton lambar jikinsa, manhaja ta ce na'urar tana ɗaure da asusun wani. Wane ne? Mai haɗa kyamarar, da imel ɗinsa ya yi mata rajista bai taɓa faɗa mini ba. Wannan kam da laifina, ban tambaya ba, na ga hoto ya fito na biya na yi godiya har da na shan ruwa. Lambarsa yanzu a kashe take, an ce ya bar gari.

Kamfanin intanet kuwa, sau biyar aka ba ni lambar ƙorafi, sau uku aka ce injiniya yana hanya. Shekaranjiya aka turo mini saƙo wai an warware matsalata, in ba su tauraro nawa. Na ajiye duk lambobin, gobe zan kira 622 na hukumar sadarwa in karanto musu ɗaya bayan ɗaya. Buƙatata ba ta da yawa: a ba ni faswod ɗin rautar da ke gidanmu, a raba mini zangon biyu, a mayar mini da adireshina ko a dawo da tsohuwar na'urar.

Juma'a in Allah ya kai mu na ɗauki hutun kwana biyu ba albarkacin komai ba sai rauta. Na sayi tawa ta kaina da zan jona a bayan tasu, in sa mata tsohon suna da tsohon faswod, tana cikin jaka tare da fakitin tsinken sakace. Hajiya da ta ji zan zo cewa ta yi in taho mata da man zafi, kuma in kyamarar ce ta sa za ta gan ni, a bar ta a lalace.