Lido mai kwali da rigimar siki

Abin haushi, mutum ya shiga kasuwar Gusau ya sayo lido mai kwali don ya fi araha, kwana uku ba a yi ba ruwan koko ya jiƙa shi ya kumbura. In za a saya, a sayi mai katako da gilashi a sama, kuma a ƙirga 'ya'yan tun a gaban mai shago: 16 ne, huɗu-huɗu kala huɗu, da dayis biyu da ɗan kofin kaɗawa. Ɗa ɗaya ya ɓace, sai ka ga ana cike gurbinsa da murfin kwalba, gardama ta tashi kan na wane ne.

Sai kuma rashin lissafin mutane. Gida mai mutum bakwai a kawo dara, wadda ta mutum biyu ce: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12. Sauran biyar su zauna suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba! Ai dara ko a ƙasa ana haƙa ta, da tsinke da tsakuwa, ba sai an kashe kuɗi ba. Yara ƙanana kuwa maciji da tsani ya fi musu, gida 100 ne, ba dabara.

Amma babbar masifa dokokin lido. Siki biyu, wato dayis biyun duk su nuna shida, ana sake jefawa? Dole ne a ci ɗan wani in an samu dama? A yanke wannan kafin dayis ya taɓa gilashi, ba sai Yaya ya ga ana shirin cinye shi ba ya tuno "yadda ake yi a Talata Mafara".