Gargaɗin rawaya ya ishe ni

Gargaɗin dusar ƙanƙara a Birtaniya launi uku ne: rawaya, ruwan lemo da ja. Ja ba wasa ba ne. A Fabrairun 2018 da aka fitar da shi a tsakiyar Sikotland, direbobi cikin motocinsu suka kwana a kan hanyar M80.

Amma rawayan nan fa? A shafe rabin ƙasa a taswira, ka fasa fita, ka jibge burodi da madara, ka barbaɗa gishiri a ƙofar gida don narkar da ƙanƙara, gari ya waye sai yayyafi da taɓo. Wai ma'anar rawaya ita ce ko ƙaramin abu ne da ake sa ran zai faru, ko babba da wuya ya faru. To wanne ne na unguwarmu, jama'a?