Nasiha ga matasa masu jiran rana ɗaya: darasi daga rayuwar Monica Puig

Ƙannena maza da mata, da yawa daga cikinku kuna zaune kuna jiran wata rana guda da za ta zo ta sauya muku rayuwa gaba ɗaya, kuma wannan tunani yana damuna ƙwarai. Shi ya sa nake so ku dubi rayuwar Monica Puig, 'yar wasan tanis daga tsibirin Puerto Rico, wadda irin wannan rana ta zo mata a zahiri.

Lokacin da aka buɗe gasar Olamfik ta 2016 a birnin Rio na ƙasar Brazil, Monica tana da shekara 22, tana matsayi na 34 a duniya, kuma ba ta cikin 'yan wasan da aka ware a matsayin manya. Kofi ɗaya tak ta taɓa ɗauka a manyan gasannin mata, wanda ta ci a Strasbourg ta Faransa a 2014. Amma a zagaye na uku ta lallasa Garbiñe Muguruza, wadda ba ta daɗe da lashe babbar gasar tanis ta French Open ba, da ci 6-1 da 6-1. A wasan kusa da na ƙarshe ta fitar da Petra Kvitova mai kofin Wimbledon biyu, sannan a wasan ƙarshe, a ranar 13 ga Agusta, ta doke Angelique Kerber ta Jamus da ci 6-4, 4-6, 6-1. Da ƙwallon ƙarshe ta faɗi, sai ta yar da abin bugunta, ta durƙusa a tsakiyar fili tana kuka. Tun 1948 Puerto Rico take zuwa Olamfik, ba ta taɓa samun lambar zinare ba sai a wannan rana.

Duk wanda ya ce sa'a ce kawai, bai yi mata adalci ba. Sa'a tana iya ba mutum wasa ɗaya, amma ba ta ba shi wasa shida a jere cikin mako guda a gaban zakarun duniya. Kafin Rio ta shafe shekaru tana yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, a wasan da ɗan wasa ne ke biyan kuɗin jirginsa da masaukinsa da albashin mai horar da shi, kuma idan aka fitar da shi a zagayen farko, abin da ya samu da ƙyar yake mayar da kuɗin tafiya. Da ta daina atisaye don ana yawan cin ta, da ranar ta zo ta same ta ba shiri. Kai da kake koyon ɗinki ko gyaran waya ko karatu kana ƙorafin babu mai ganinka, ka sani a irin waɗannan shekaru ne ake tara abin da za a kashe ranar da dama ta zo.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne abin da ya biyo baya, domin nan ne masu jiran rana ɗaya suke ruɗar kansu. Makonni kaɗan bayan zinaren, aka fitar da ita a zagayen farko na gasar US Open. Matsayinta mafi girma bai wuce na 27 ba, kuma ba ta sake ɗaukar kofi ba har ta bar wasa. Ita da bakinta ta bayyana cewa ta yi fama da ciwon damuwa a shekarun da suka biyo baya, saboda nauyin abin da jama'a suka ɗora mata. Don haka idan Allah ya ba ku nasara, ku riƙe mutanen da suka san ku tun kafin a san ku, kuma kada ku ji kunyar neman taimakon likita idan zuciya ta yi nauyi.

Ku kuma lura da yadda ta yi amfani da sunan da ta samu. Da guguwar Maria ta ɗaiɗaita Puerto Rico a watan Satumba na 2017, ta tara gudunmawa, ta je da kanta tare da shahararriyar 'yar wasan tanis Maria Sharapova suka raba kayan agaji ga mutanen da suka rasa gidaje da wutar lantarki.

Daga baya jiki ya ƙi. An yi mata tiyata a gwiwar hannu a ƙarshen 2019, aka biyo da ta kafaɗa, har ta kasa zuwa gasar Olamfik ta Tokyo ta kare lambarta. A watan Yuni na 2022, tana da shekara 28, ta sanar da ritaya, ta koma sharhin wasanni a talabijin, kuma a watan Nuwamba na 2022 ta yi gudun yada ƙanin wani na birnin New York har ƙarshe.