Zazzaɓin daren allura, da uwar da ba ta koma ba

Wata maƙwabciyarmu ta kai jaririnta ɗan wata ɗaya da rabi asibitin unguwa, aka yi masa allurar rigakafin nan da ake kira Penta a cinya. Da dare jikinsa ya yi zafi, cinyar ta kumbura, ya kwana yana tsala kuka. Da gari ya waye kakarsa ta ce ba za a sake kai mata jika a tsira masa ciwo ba. Katin ya koma ƙarƙashin katifa, saura allura biyu ba a yi ba.

Ni ban ga laifin tsohuwar ba. Ta ga lafiyayyen yaro ya fita, ya dawo da zazzaɓi, kuma babu wanda ya zaunar da uwarsa ya faɗa mata dalili.

Mu ɗauki mashaƙo, ɗaya daga cikin cututtuka biyar da Penta ke karewa. Ƙwayar cutar tana zama a maƙogwaro tana fitar da dafi, dafin ne ke sa wata yana ta toshe numfashi, har ya taɓa zuciya. Abin da ke cikin allurar shi ne wannan dafin bayan an kashe masa kaifi, siffarsa na nan amma ba ya cutarwa. Da ya shiga tsoka, fararen ƙwayoyin jini sai su yi masa caa, su ɗauki guntayensa zuwa kaluluwa mafi kusa. A can ake zaɓo ƙwayoyin da suka gane siffarsa, su hayayyafa, su riƙa ƙera sinadaran da ke kama dafin su ɗaure shi. Kumburin cinya da zafin jiki hayaniyar wannan aikin ce, galibi kwana ɗaya ko biyu ta lafa.

To me ya sa sai an yi sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14 da haihuwa? Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san biyawa ɗaya ba ta zama hadda. Allurar farko gabatarwa ce, kariyarta kaɗan ce kuma tana saurin dusashewa. A ta biyu da ta uku jiki yana sake tankaɗe ƙwayoyin nan, waɗanda suka fi iya kama dafin su ake bari su yawaita, wasunsu kuma su zauna a jiki shekaru suna riƙe da karatun. Yaron da aka tsayar a allura ɗaya ya sha zafin, bai samu haddar ba.

Mun ga abin da hakan ke haifarwa. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Najeriya, Kano ce ta fi jin jiki, kuma akasarin waɗanda suka kamu yara ne da ba a yi musu rigakafi ba ko ba a kammala musu ba.

Ana kashe kuɗi a kan tallar rediyo da gangami, ba laifi. Amma a ganina inda ake asarar iyaye shi ne kan bencin nan na ranar rigakafi, inda ma'aikaciya ɗaya ke fama da dogon layin mata, ta tsira allura ta ce "ta gaba". Ya kamata kafin uwa ta goya ɗanta a ce mata: yau jikinsa zai iya yin zafi, ki shayar da shi sosai, in zafin ya wuce kwana biyu ko ya ƙi kama nono ki kawo shi, kuma ranar kaza za ki dawo, don allurar ba ta cika ba. Faɗin wannan bai kai minti ɗaya ba.